“Mu Daban Ne”: Asalin Aƙidar Keɓantuwar Amurka da Inda Ta Kai Ta

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar dala ɗaya ta Amurka ya juya bayanta, zai ga zanen dalar dutse irin ta Masar wadda ba a ƙarasa gininta ba, mai hawa goma sha uku, da wani ido guda a samanta yana fitar da haske. A gindin dalar an rubuta shekarar 1776 da lambobin Romawa. Sama da idon akwai kalmomi biyu na Latin da ke nufin cewa Ubangiji ya sanya albarka a abin da aka fara, a ƙasa kuma akwai wasu kalmomi uku da ke shelar cewa sabon zamani ya kama. Wannan zane ɗaya ne daga fuskoki biyu na hatimin ƙasar, wanda majalisarta ta amince da shi a 1782, lokacin da yaƙin neman ’yanci daga Birtaniya bai ma ƙare a hukumance ba, kuma mutanen ƙasar gaba ɗaya ba su kai miliyan huɗu ba. Ƙaramar ƙasa ce a lokacin, ga bashi ya yi mata katutu, tana manne da gaɓar Tekun Atilantika, amma tun ranar ta rubuta a hatiminta cewa zuwanta ya raba tarihin duniya gida biyu.

Wannan tunani shi ne ake kira aƙidar keɓantuwar Amurka, wato imanin cewa ita ba ƙasa ba ce irin sauran ƙasashe. Abin da ke sa muhawara a kansa ta riƙa cakuɗewa shi ne, magana uku ce ake durawa a buhu ɗaya. Akwai cewa Amurka ta sha bamban da sauran ƙasashe a tarihinta da tsarinta, wannan kuwa abu ne da ake iya aunawa, kuma akwai gaskiya mai yawa a cikinsa. Akwai cewa ta fi kowa, wanda ra’ayi ne irin na kowane ɗa game da gidan ubansa. Sai ta uku, wadda ba a cika faɗinta a fili ba, alhali ita ce ta fi shafar mutanen da ke wajen ƙasar: tunda Amurka ta daban ce kuma niyyarta alheri ce, ba lallai ne dokar da ta hau kan kowa ta hau kanta ba. A ganina, babban abin da ya kamata mai nazari ya sa wa ido shi ne yadda ake zamewa daga magana ta farko zuwa ta uku ba tare da an tsaya an kawo hujja ba.

Idan ɗan siyasar Amurka zai ba da tarihin wannan aƙida, yawanci daga 1630 yake ɗaukowa. A shekarar ne wani lauya ɗan Ingila mai suna John Winthrop ya jagoranci ayarin Kiristoci masu neman tsarkake addini, waɗanda suka yanke ƙauna daga cocin Ingila, zuwa yankin da ake kira Massachusetts. A wa’azin da ya tanada domin wannan ƙaura ya shaida musu cewa za su zama kamar birni a kan tudu, idon dukan mutane yana kansu, kwatancen da ya aro daga Linjilar Matta. Wanda ya ci gaba da karanta wa’azin zai tarar cewa gargaɗi ne ya biyo baya. Winthrop ya ce idan suka ci amanar Ubangijinsu a wannan aiki, to zai janye musu taimakonsa, su zama abin labari da abin misali a faɗin duniya. Mafi yawan wa’azin ma a kan tausayi yake: mai hali ya rage jin daɗinsa domin biyan buƙatar ɗan’uwansa, wanda ya kasa biyan bashi a yafe masa. Birnin da ke kan tudu a wurinsa wuri ne da ba shi da maɓoya, inda aibi ba ya rufuwa.

Ba a buga wannan wa’azi ba sai a 1838, kuma ya daɗe ba wanda ya damu da shi in ban da masana tarihi. John Kennedy ne ya ɗauko kwatancen a Janairun 1961, kwanaki kaɗan kafin a rantsar da shi, daga baya Ronald Reagan ya mayar da shi takensa, ya ƙara masa kalmar “mai haskakawa”. A jawabinsa na bankwana a 1989 Reagan ya siffanta birnin da dogon gari mai alfahari, cike da ciniki da ƙirƙira, ƙofofinsa a buɗe ga duk mai ƙudurin isowa. Siffar ta yi kyau, kuma ta shiga zukata, amma gargaɗin Winthrop ya faɗi a hanya, aka bar yabo zalla.

Bai kamata a ɗauka cewa duk lamarin kurin baki ne ba, domin akwai abubuwan da suka raba Amurka da ƙasashen Turai da ta fito daga cikinsu. Bafaranshe ko Bajamushe yana iya jingina zamansa ɗan ƙasa ga harshe da kakanni da ƙasar da aka binne cibiyarsa. Amurka kuwa ta kafa hujjar wanzuwarta a kan rubutacciyar magana, wato sanarwar ’yancin kai ta 4 ga Yulin 1776, wadda ta ce an halicci dukan mutane daidai, kuma hukuma tana samun halaccinta ne daga yardar waɗanda take mulka. Tsarin mulkin da aka rubuta a 1787 har yau shi ake aiki da shi, kuma ƙasashe da dama sun kwaikwaye shi, ciki har da Nijeriya, wadda ta ajiye tsarin firaminista ta ɗauki na shugaba mai cikakken iko da majalisar dattawa a 1979. Ƙasar da aka gina a kan aƙida dole ta riƙa karantar da aƙidar kamar yadda ake karantar da addini. Shi ya sa a makarantun gwamnati da yawa, kowace safiya yara ke miƙewa tsaye, su juya ga tutar da ke rataye a kusurwar aji, su ɗora hannun dama a ƙirji, su karanta mubaya’a ga tutar da jamhuriyar da take wakilta. An rubuta wannan mubaya’a a 1892, aka ƙara mata kalmomin “ƙarƙashin Ubangiji” a 1954, lokacin yaƙin cacar baka, domin a nuna bambanci da Tarayyar Sobiyet da ba ruwanta da addini. Kotun ƙolin ƙasar ta yanke tun 1943 cewa ba a tilasta wa ɗalibi karanta ta, amma yaron da ya taso yana jin ta kullum har ya gama sakandare, ba sai an yi masa dogon bayani ba kafin ya yarda cewa ƙasarsa ta daban ce.

Ga kuma sa’ar wurin zama. Teku biyu sun yi mata garkuwa gabas da yamma, maƙwabtanta na kudu da arewa ba su kai ƙarfinta ba, kuma a 1803 ta sayi yankin Louisiana daga Faransa a kan dala miliyan 15, girmanta ya ninka a ciniki ɗaya. Ba ta gaji sarakuna da iyayen ƙasa masu mallakar gonaki da talakawan cikinsu irin na Turai ba, sannan baƙi suka yi ta kwarara, fiye da miliyan 12 ta tsibirin Ellis kaɗai tsakanin 1892 da 1954. Alexis de Tocqueville, Bafaranshen da ya zagaya ƙasar a 1831, ya rubuta cewa matsayin Amurkawa na daban ne ƙwarai, kuma ana yawan kafa hujja da wannan jimla. Sai dai a inda ya faɗe ta, bayani yake yi kan dalilin da ya sa suka duƙufa ga kasuwanci suka bar wa Turai zurfin ilimi da adabi. Shi kansa sunan aƙidar daga bakin ’yan gurguzu ya yaɗu. A ƙarshen shekarun 1920 shugaban jam’iyyar kwaminis ta Amurka, Jay Lovestone, ya dage cewa jari-hujjar ƙasarsa tana da ƙarfin da ba za ta rushe nan kusa ba kamar yadda ake hasashe, Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, kuwa ya ɗauki wannan ra’ayi da aka laƙaba wa suna “keɓantuwar Amurka” a matsayin bijirewa, aka tsige Lovestone a 1929. Tambayar da ke ƙarƙashin rigimar, wato me ya sa ma’aikatan Amurka ba su kafa babbar jam’iyyar gurguzu irin ta Turai ba, tambaya ce ta ilimi, kuma ba ta ɗauke da yabo ko zargi.

Inda aƙidar ta fara zubar da jini shi ne inda aka mayar da ita izinin mallakar ƙasa. A 1845 wani ɗan jarida, John O’Sullivan, ya rubuta cewa ƙaddara ce bayyananniya Amurkawa su mamaye nahiyar da Ubangiji ya ware musu. Nahiyar kuwa da mutanenta. Tun a 1830 shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe ƙabilun asali daga kudu maso gabas zuwa yammacin kogin Mississippi, kuma a 1838 aka tasa ƙeyar ’yan ƙabilar Cherokee, dubbai suka mutu a sansanoni da kan hanya saboda sanyi da yunwa da cuta. Yaƙin da aka yi da Meziko daga 1846 zuwa 1848 ya raba ta da kusan rabin ƙasarta, har da Kalifoniya. Mai cewa ƙaddara ce ta ba shi gonar wani ya huta da neman hujja, domin ya riga ya mayar da mai gonar mai jayayya da hukuncin Allah. A nan Amurka ba ta bambanta da kowa ba: Faransa ma da iƙirarin wayar da kan jama’a ta shigo ƙasar da ta zama Nijar, Birtaniya kuma da irinsa ta ci Kano da Sakkwato a 1903.

Babban tabon da ke jikin aƙidar shi ne bauta. Thomas Jefferson, wanda ya rubuta cewa an halicci dukan mutane daidai, ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Tsarin mulkin 1787 ya ƙidaya bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen raba kujerun majalisa, kuma zuwa 1860 bayin da ke ƙasar sun kusa miliyan huɗu. Amma a nan ne kuma aka ga fuskar aƙidar da nake ganin ta cancanci girmamawa. A ranar 5 ga Yulin 1852 Frederick Douglass, wanda shi kansa ya tsere ne daga bauta, ya tsaya gaban taro a garin Rochester ya tambaye su mene ne bikin ’yancin kansu a wurin bawa, ya ce musu bikin nasu ne, ba nasa ba. Bai yi watsi da sanarwar 1776 ba. Ya riƙe ta gam, ya kira ƙa’idojinta masu ceto, sannan ya auna ƙasar da su ya nuna mata inda ta gaza. Bayan shekara 111, a Agustan 1963, Martin Luther King ya tsaya a Washington ya ce waɗanda suka kafa ƙasar sun sa hannu ne a takardar bashi da kowane Ba’amurke ya gada, kuma an bai wa baƙar fata cakin da banki ya dawo da shi da cewa babu kuɗi, su kuwa sun zo karɓar haƙƙinsu. Alƙawari kaya ne, kuma waɗannan mutane sun gane cewa ƙasar da ta cika baki a gaban duniya ta ba su igiyar da za su kama ta da ita. Dokar ’yancin jama’a ta 1964 da ta ’yancin zaɓe ta 1965 sun samu ne da gumi da jinin masu fafutuka, amma harshen da suka yi fafutukar da shi harshen wannan aƙida ne. Ko Abraham Lincoln, wanda a 1862 ya kira ƙasarsa fata na ƙarshe kuma mafi kyau ga duniya, ya yi taka-tsantsan a wani jawabi na 1861 inda ya ce mutanensa sun kusa zama zaɓaɓɓun Ubangiji, bai ce sun zama ba.

A harkokin waje aƙidar ta haifi ra’ayi biyu masu karo da juna. John Quincy Adams ya faɗa a 1821 cewa Amurka tana yi wa ’yancin kowa fatan alheri, amma ba ta fita waje neman dodannin da za ta kashe, wato aikinta ta zama abin koyi daga gida. Shugaba Woodrow Wilson kuwa ya shigar da ita yaƙin duniya na farko a 1917 da cewa dole a mayar da duniya wurin da dimokuraɗiyya za ta zauna lafiya, kodayake majalisar dattawansa ta ƙi yarda ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen da shi ya yi ta fafutukar kafawa. Bayan 1945 ra’ayin Wilson ya yi rinjaye, domin Turai da Japan sun zama kufai, Amurka kuwa tana samar da kusan rabin kayan masana’antun duniya. Ta yi abubuwan da ba a musu: shirin Marshall na 1948 ya zuba kimanin dala biliyan 13 wajen tayar da Turai, shirin yaƙi da cutar ƙanjamau da George Bush ƙarami ya kafa a 2003 ya ceci rayukan miliyoyin mutane, akasarinsu a Afirka. Ita ce kuma ta sa hannu wajen kifar da firaminista Mossadegh a Iran a 1953 da shugaba Arbenz a Guatemala a 1954, ta yi wa gwamnatin Allende ta Chile zagon ƙasa har sojoji suka hamɓarar da ita a 1973, dukansu gwamnatocin da suka hau ta hanyar tsarin mulkin ƙasashensu. Sakatariyar harkokin waje Madeleine Albright ta fayyace tunanin a 1998, tana magana kan Iraƙi, inda ta ce idan sun yi amfani da ƙarfi to saboda su Amurka ne, ƙasar da ba a iya yi sai da ita, kuma suna hango nesa fiye da sauran ƙasashe. Shekara biyar bayan haka aka mamaye Iraƙi ba tare da izinin Kwamitin Sulhu ba, a kan makaman ƙare dangi da ba a taɓa samu ba.

Batun Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ya fi komai fito da magana ta uku a fili. Bill Clinton ya sa hannu a yarjejeniyar kafa ta a ranar ƙarshe ta shekarar 2000, gwamnatin Bush ta janye a 2002, majalisa kuma ta yi dokar da ta ba shugaban ƙasa ikon bin duk hanyar da ta kama domin kuɓutar da Ba’amurken da kotun ta tsare. A Satumban 2020 Amurka ta ƙaƙaba wa babbar mai gabatar da ƙara ta kotun, Fatou Bensouda ’yar Gambiya, takunkumi saboda binciken da ya shafi sojojinta a Afghanistan. Da kotun ta ba da sammacin kama Vladimir Putin a Maris na 2023, shugaba Joe Biden ya ce matakin ya dace. Haka nan Amurka ce kaɗai a cikin mambobin Majalisar Ɗinkin Duniya da ba ta tabbatar da yarjejeniyar kare haƙƙin yara ba. Masu kare wannan matsayi suna da hujjarsu: sun ce ƙasar da ke da sojoji a sassan duniya da yawa ta fi kowa fuskantar ƙarar siyasa, kuma tsarin mulkinsu bai yarda wata kotu ta hau kan tasu ba. Hujjar tana da ma’ana, amma kowace ƙasa tana iya kawo irinta, kuma dokar da mai ƙarfi ya tsame kansa daga cikinta raunana ne kawai take kamawa. Mutanen Nijar sun ga ɗan ɓangaren wannan hali kusa da kusa. A Maris na 2024 gwamnatin soja ta soke yarjejeniyar tsaro da Amurka, tana zargin tawagar da ta zo Yamai da magana cikin raini da neman zaɓa mata abokan hulɗa, kuma zuwa Satumba sojojin Amurka sun gama ficewa, har daga sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas da aka kashe wa kimanin dala miliyan 100. Sojojin da suka kifar da zaɓaɓɓen shugaba suna da nasu dalilan na son rabuwa da mai yi musu maganar zaɓe, amma zargin raini ya samu karɓuwa a titi ne domin jama’a sun daɗe da sanin wannan murya.

A cikin gida ma imanin yana da tsada, domin wanda ya yarda ya fi kowa ba ya zuwa koyo a gidan maƙwabci. Amurka tana kashe kusan kashi 17 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a kan kiwon lafiya, fiye da kowace ƙasa mai arziki, amma ba ta da inshorar da ta game kowa, kuma tsawon ran mutanenta bai kai na Faransa ko Japan ko Kanada ba. Bindigogin da ke hannun farar hula sun fi mutanen ƙasar yawa, mutanen da ke tsare a gidajen yari sun kusa miliyan biyu. Duk lokacin da wani ya ce a dubi yadda Jamus ko Kanada ta warware irin wannan matsala, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce abin da ya yi aiki a can ba zai yi a nan ba, domin nan Amurka ce.

Yau aƙidar tana shan matsi daga ɓangarori biyu. A 2009, a birnin Strasbourg, Barack Obama ya ce ya yi imani da keɓantuwar Amurka kamar yadda yake zaton Birtaniyawa da Girkawa sun yi imani da tasu, ’yan adawa kuwa suka yi masa ca har tsawon mulkinsa. Binciken cibiyar Pew ya nuna cewa a 2011 kashi 38 cikin ɗari na Amurkawa sun ce ƙasarsu tana sama da dukan ƙasashe, zuwa 2023 adadin ya sauko kashi 20, kuma matasa ne suka fi ja da baya. Ta ɗaya ɓangaren, Donald Trump ya faɗa a 2015 cewa ba ya son kalmar, kuma a 2017, da wani ɗan jarida ya kira Putin mai kisa, sai ya mayar masa da tambayar ko yana zaton ƙasarsu wankakkiya ce. Wannan sauyi ya fi damuna fiye da kurin da ya gabace shi, domin taken “Amurka Farko” ya riƙe ƙarfin da ’yancin yin abin da aka ga dama, ya ajiye alƙawarin da Douglass da King suka riƙa kama ƙasar da shi. A ranar da aka sake rantsar da shi, 20 ga Janairun 2025, Trump ya sa hannu a umarnin hana wasu jariran baƙi zama ’yan ƙasa ta hanyar haihuwa, haƙƙin da ya samo asali daga gyaran tsarin mulki na 14 na shekarar 1868, wanda aka yi domin ’yantattun bayi da ’ya’yansu, kuma babu ƙasar Turai da ke ba da irinsa ba tare da sharaɗi ba. Cikin kwanaki kaɗan alƙalan tarayya suka dakatar da umarnin, na farkonsu kuwa alƙali ne a Seattle wanda Reagan ya naɗa.